Lamba Bakwai a Shagon Kawu Pir Bakhsh

Kawu Pir Bakhsh ya yi ƙuruciyarsa yana dako a tashar jiragen ruwa ta Karachi, da yamma kuma ya tsare wa kulob ɗin ƙwallon layinmu baya. Da gwiwa ta ci amanarsa, sai ya buɗe shagon wasan ƙwallo na bidiyo a nan Lyari: talabijin biyu, benci, da fanka mai kukan tsohuwar akuya.

Yana da wata al'ada. Duk shekarar da sabon faifan wasan ya fito, kafin ya bar kowa ya more shi, sai ya zauna ya ƙera 'yan kulob ɗinmu a ciki, fuska bayan fuska. Wanda ya yi teɓa a ƙara masa, wanda ya tafi Maskat neman aiki a kira shi a waya a ga kamanninsa. Wanda ya rasu kuwa ba a sake ƙera shi. A tsohon faifai yake zama.

Bana kowa ya san abin da ake jira. Ni da ɗansa Shahdad, mai lamba bakwai, muka kama hanyar Turai bara, bayan na gama jami'a na gaji da yawo da takardu. A gaɓar teku aka raba mu kwalekwale biyu. Namu aka tare, aka dawo da mu. Nasu ya wuce, kuma har yau babu labari. Tun da na dawo nake zagaye layin shagon ta bayan masallaci. Ko ƙarar ruwan famfo na ji, sai in tuna da tekun nan.

Ranar da faifan ya iso, Kawu ya aiko Lalu, tsohon golanmu, ya taso ni gaba.

Shagon ya cika maƙil, ana ta musu a kan gwajin da aka yi da safe.

"Wannan na bana ai damfara ce," in ji wani. "'Yan wasan gudu suke kamar sun ci biryani sun ƙoshi."

"Amma dubi fuskokin! Har gumi suke yi."

Lalu ya leƙa talabijin ya ga kansa. "Haba Kawu! Wannan tumbin fa? Gola ne ko mai juna biyu?"

"Abin da Allah Ya ba ka na ba ka," in ji Kawu. "Kai kaɗai ka cika raga, ka gode."

Aka yi dariya, amma ba ta yi nisa ba. 'Yan wasa goma ne a jere. Gurbi ɗaya babu kowa.

Kawu ya matsa mini a benci. Na zauna.

"Naguman, ɗana," ya ce, idonsa na kan talabijin, "kai ka gan shi a ƙarshe. Yaya yake?"

"Kawu, ni ban san ko..."

"Ba wannan na tambaye ka ba. Kamanninsa."

"Ya rame. Ya aske kansa ƙwal saboda ƙwarƙwata. Ya bar ƙasumba."

"Ƙasumba? Shahdad? Uwarsa za ta ci masa mutunci."

Ya shiga aiki. Yatsunsa masu kaushi suna ta kuskure, ya goge, ya sake. Ya rage kumatu, ya cire sumar da Shahdad ke taƙama da ita. Nakan ce a ƙara nan, a rage can. Da ya zo kan shekaru, ya daɗe bai motsa ba. Sannan ya ƙara ɗaya.



Sabon wasan ya yi abin da na bara bai iya ba: Shahdad ya tsaya a fili, ƙirjinsa na hawa da sauka, yana numfashi. Na miƙe zan fita, Kawu ya riƙo gefen rigata ya danƙa mini hannun wasan.

"Kai ka san gudunsa. Ni kullum sai na kai shi cikin 'yan baya."

Na karɓa. Lalu ya ɗauki ɗaya hannun, ya share hanci da kafaɗa.

"Ka gaya wa mai ƙwal-kwabon nan ba sani ba sabo," ya ce.

Aka busa. Kawu ya matso har gwiwarsa ta taɓa tawa.

"To me kake jira? Ga shi can shi kaɗai. Ba shi ƙwallo!"