Man Injin Ban Ruwa

Ranar da safe kauɗar tumatir nake shanyawa a tsakar gida. Maigidana Isiyaku yana waje yana wanke akori-kurarsa, wadda yake ɗaukar tumatir da ita daga lambuna zuwa Wudil. Surukina, Baba, yana zaure da rediyonsa. An gama zaɓe, an faɗi sakamako, mu dai muna cewa an wuce wurin.

Da hantsi muka ji babura ta yammacin gari. Da yawa. Sai ihu, sai ƙarar ƙarfe a kan kwanon rufi. Maƙwabciyata ta leƙo ta katanga, ko ɗankwali babu a kanta. Ta ce 'yan daba aka sauke a bakin kasuwa, suna bin gidajen waɗanda suka yi wa ɗan takarar da ya faɗi aiki.

Mu ba 'yan siyasa ba ne. Hayar motar aka ɗauka lokacin kamfe, aka lulluɓe ta da fastocin mutumin, da wani irin gam da ko wuƙa ba ta kankare shi. Shi ke nan laifinmu.

"Ku fito! Ku bar komai!" in ji Isiyaku.

Na saɓa goyo, na ja yara biyu. Aka ɗora Inna, surukata, a bodi, ƙafarta ba ta taka ƙasa sosai. Baba ya hau kusa da ita. Muna fita ta bayan gari hayaƙi ya tashi a layinmu.

Titi ba ya biyuwa, sai muka bi hanyar lambuna. Gidajen mai a rufe suke tun kafin zaɓe, abin da ke tankin ɗan kaɗan ne. Ba mu yi nisa ba motar ta fara shessheƙa. Ta fizga, ta sake fizga, ta mutu a cikin rairayi, daidai lambun Malam Tanimu.

Malam Tanimu ɗan layinmu ne. Sahu ɗaya suke sallah da Baba. Injinsa na ban ruwa yana ta aiki, tankin cike. Isiyaku ya ruga, ya durƙusa masa har ƙasa. Mutumin nan ya dubi fastocin, ya dubi hayaƙin gari.

"Ku tura ta gaba! Kada ku jawo mini!"

Wallahi har yau in na tuna fuskarsa zuciyata tafasa take. Ban san lokacin da na diro ba. Na ɗauki robar ruwan yara na zubar, na ratsa albasarsa da goyona, na kashe injin, na fizge ɗan tiyon da ke ƙarƙashin tanki. Fetur ya tsiyaya a robar. Yana zagina, yana kiran ubana. Na ce ya taɓa ni ya gani. Bai taɓa ni ba, matsoracin banza.

Zan juye a tankin motar Isiyaku ya riƙe hannuna.

"Kar ki zuba! Ba zai hau ba!"

Man ya yi kaɗan, a gindin tanki zai kwanta, ga iska ta riga ta cika hanyarsa. Ya ɗaga bonet. Ya ciro dogon tiyo daga ƙarƙashin kujera, ya tsoma baki ɗaya a robar, ya zuƙi ɗayan har fetur ya cika masa baki. Ya tofar, ya cusa shi a kafireto, ya ɗiga ɗan kaɗan a maƙogwaronta. Ya sauke bonet bai rufe ba, ya zagayo da robar ta tagar gefena.

"Ɗaga sama! Hannu biyu! Kar ki bari ta sauko!"

Na zauna a gaba, hannuwana a waje, roba a sama da kaina. Ya murɗa makulli. Motar ta yi tari ta yi shiru. Ya sake. Ya sake. A na gaba sai ƙyas-ƙyas kawai. Batir ya sauka.

A lokacin muka ji baburan sun bar gari sun hau hanyar lambuna.

Sai turi. Isiyaku ne kaɗai ya iya tuƙi. Ni ina riƙe da mai. Inna ba ta iya tsayuwa. Ga maza nan a lambuna, sun fi a ƙirga, kowa ya jingina da fartanyarsa yana kallo. Isiyaku ya yi musu magiya da Allah da Annabi. Wani ya juya baya. Wani ya ce wanda muka yi wa kamfe ya zo ya tura mu. Allah ya isa tsakanina da su, ban yafe ba.

Baba ya sauko. Ya cire babbar rigarsa ya miƙa wa Inna. Ya kafa kafaɗa a bayan motar. Tsoho ne, amma manomi ne. Ta motsa. Rairayi ya riƙe ta. Ina jin nishinsa, ina jin baburan. Ta sake motsawa, ta kai kan gangaren da ke sauka fadama, ta fara gudu da kanta. Isiyaku ya saki kuloci. Ta girgiza, ta yi aman hayaƙi, ta kama.

In ya ɗaga ƙafa daga totur za ta mutu, kuma babu wani gangaren a gaba. Duk da haka na ga ƙafarsa ta nufi birki.

"Tafi!" Muryar Baba ce. "Na ce ka tafi, don ubanka!"

Ya tafi. Inna tana ihu a bodi, tana dukan rufin mota. Man ya kai mu bakin titin Wudil ana kiran azahar, a nan ya ƙare. Sai da aka ɓamɓare yatsuna daga jikin robar.

Washegari aka ɗauko gawar Baba daga cikin albasar Malam Tanimu. Gidanmu ya ƙone har ƙasa, da buhunan kauɗa, da akuya biyu a ɗaure. Gida da dukiya duk mun mayar.

Shekara goma sha ɗaya ina gidan Baba, kaina a sunkuye nake gaishe shi, kamar kowace suruka. Ban taɓa duban fuskarsa sosai ba sai ranar, da na waiwaya ta gilashin baya. Yana durƙushe a rairayi, yana koro mu da hannu. Ashe Isiyaku kamarsa ce sak.