Na Je Sakkwato Ɗauko 'Yar Yayana

Ana idar da sallar asuba muka bar gida a Zariya, ni da wata maƙwabciyata. Ita ziyarar ƙanwarta ce za ta kai ta Sakkwato, ni kuwa bincike. Masu bibiyata sun san halina, ko gaisuwa aka yi mini da fara'ar da ta wuce kima sai na leƙa bayanta. Shi ya sa da magana ta taso a gidan yayana ba a nemi kowa ba sai ni.

Ga maganar. 'Yarsa ta fari, Habiba, tana shekara ta biyu a wata makarantar koyon aikin jinya a Sakkwato. Wani ɗan unguwarmu mai sarin albasa ya dawo ya ce ya gan ta da idonsa a Wamakko, a bayan babur ɗin wani namiji. Da aka tsananta tambaya sai aka ji ta bar ɗakin kwanan ɗalibai tun bara, ga shi kuma duk Asabar da Lahadi wayarta a kashe. Yaya ya kira ni ya ce, "Ki je ki dubo yarinyar nan. In kin ga abin da bai kwanta miki ba, ki haɗo kayanta ku taho. Karatun ya isa haka."

Yarinyar nan. Haka yake ce mata, uwarta kuma "waccan" take cewa. Gidan yayana gidan alkunya ne na gaske, tun da aka raɗa wa Habiba suna babu wanda ya taɓa jin sa a bakin ɗayansu. Da zan fita, uwar ta tare ni a soro da ƙunshi a buhu, yaji da kuka da daddawa da dakuwa. Ba ta ce na wa ba ne. Cewa kawai ta yi, "Ki ce ke kika haɗa," ta juya ciki.

A tasha mota ta cika da wuri, amma direba ya ƙi tashi sai da gari ya waye sarai. Kowa ya san dalili, ba wanda ya yi gardama. Kuɗin mota ya kusa ninka abin da na sani, ga shi an matsa mu huɗu a kujerar uku. Kusa da ni wani mutum ne mai wayoyi biyu. Daga Funtuwa zuwa gaba, duk garin da muka wuce sai ya sunkuya ya yi raɗa a waya. Na ce a raina wannan ɗan rahoton ɓarayin daji ne. Na zunguri maƙwabciyata, ita kuwa tana ta fama da gyaɗa, ta ce in bar bawan Allah. Na kasa kunne sosai bayan mun wuce Tsafe, sai na ji yana cewa, "Inna, mun wuce lafiya, ki daina kuka." Duk da haka ban saki jiki ba, ɓarawo ma ai yana da uwa.

Mun ci abinci a Gusau, shinkafa da wake. Naman da aka ɗora sai da na tona da cokali kafin na gan shi, kuɗinsa kuwa bai ɓuya ba. Daga Talata Mafara zafi ya fara nuna mana mun shigo ƙasar wasu. Iskar da ke shigowa ta taga kamar an buɗe murfin tukunya. Bishiyoyi suka ragu, buhunan albasa suka yawaita a bakin hanya, ni kuma duk buhun da na gani sai in tuna mai sarin albasa da labarinsa. Ruwan sanyin da na saya a Tureta kafin in kai rabi ya zama na haɗa shayi.

Bayan la'asar muka sauka a Ƙofar Rini, gidan ƙanwar abokiyar tafiyata. Unguwa ce tsohuwa, lungu na bin lungu, ƙofar gida shago, cikin gida ma ciniki. Aka kawo mana fura, wato hura a bakinsu, damun da cokali ke tsayawa a ciki. Gaskiya ko ni mai neman aibu ban samo mata ba. Masu babur ɗin haya a can kabu-kabu ake ce musu, kuma ina buɗe baki suke gane baƙuwa ce, kuɗi ya ƙaru nan take. Na gwada cewa "mi" maimakon "me", yaran gidan suka yi ta dariya har da faɗuwa. Ban gaya wa kowa abin da ya kawo ni ba. Na gwada wayar Habiba da safiyar Asabar, a kashe, kamar yadda aka faɗa.

Muka fara da makarantar. Wata ɗaliba da muka tarar tana shanya ta ce Habiba na zaune gidan su ƙawarta Saratu a Minanata, ta yi mana kwatance tana murmushi. Murmushin nan bai yi mini ba. Maƙwabciyata ta ce yarinyar wushirya gare ta, dole ta nuna.

Minanata ba kamar Ƙofar Rini ba ce, tituna a miƙe, gidaje da katanga da bishiyar dogon yaro a ƙofa. Gidan na wani mai sayar da atamfa ne a kasuwa. Matar gidan, wadda kowa ke kira Inna, tana jin daga Zariya muke ta rungume ni kamar mun shekara da sabo.

"Maraba da mutanen Zazzau. Ku zamna, ku sha ruwa. Ke ta Gwaggo? Ai Habiba kullum sai ta yi zancenki."

Na ce ina take.

"Sun tai Wamakko da waccan, wurin kakarsu. Habiba ai ɗiyata ta, kak ki damu."

Abu biyu na ɗaura a bakin zane. Na farko, yadda sunan Habiba ke fita daga bakin matar nan ba nauyi, kamar ita ta haife ta. Na biyu, na gane Saratu take nufi da "waccan", amma me ya hana ta kama sunanta? Na ce a raina akwai abin da ake rufewa. Aka kawo tuwon shinkafa da miyar yakuwa, aka yanka kaza. Ni kuwa na san ruwa ba ya tsami banza. Na ce zan yi alwala, na bi ta ɗakin 'yan matan. Katifa biyu, littattafai, fararen kayan makaranta a rataye, da wata sabuwar atamfa ɗinki iri ɗaya guda biyu. Na ɗaga filo, na leƙa ƙarƙashin katifa. Ban ga komai ba, sai hakan ya ƙara mini zargi.

Na ce a kai ni Wamakko yanzu. Inna ba ta ko yi jim ba, ta sa aka kira wani saurayi, ɗan wan maigidan, ya fito da motar shago. Yaron akwai ladabi, har ƙasa ya gaishe mu. Amma da na ambaci Habiba sai ya hau gyaran madubin da ba abin da ya same shi. Wannan ma na ɗaure shi, na uku.

Wamakko ba nisa, kafin hira ta yi daɗi mun isa. Muka bar kwalta muka gangara wajen fadama, shinkafa kore shar har inda ido ya tsaya, abin da ban zaci gani ba a ƙasar da ta gasa ni jiya. Na duba wayata, babu sabis ko ɗigo. Na tuna wayar Habiba da ake cewa a kashe, na mayar da tawa jaka. A ƙofar gidan da muka tsaya ga babur a jingine, ga mai shi zaune yana gyaran fatanya, dattijo mai gemu fari fat, kawun Saratu. Shi ke ɗauko su daga bakin titi. Mai sarin albasa ya ga babur, ya ga namiji, gemun ne kawai Allah bai nuna masa ba.

Na shiga ba dogon sallama, don in ga abin da zan gani kafin a gyara. Abin da na tarar, wata tsohuwa, kakar Saratu, a kan tabarma ta miƙe ƙafa, Habiba a durƙushe da safar hannu tana wanke mata wani gyambo a idon sawu, Saratu na riƙe da kwano tana yi mata tambayoyin jarrabawa. Can gefe ga rabin duro a kan wuta, ana turara shinkafa. Habiba ta ɗago, ta ce "Gwaggo," ba ta tashi ba sai da ta gama naɗe ƙafar. Na so in ga firgita a idonta, murna na gani.

Na ja ta gindin wata bishiyar bedi a bayan gida. Ban yi mata da sauƙi ba. Na ce ta bar makaranta ta tare gidan mutanen da ba mu san asalinsu ba, ba ta gaya wa kowa ba, ubanta ya ce in taho da ita. Nan fuskarta ta canza.

Ta ce, "Gwaggo, na faɗa. Wallahi na yi ta ƙoƙarin faɗa. In na kira Baba, ya ce lafiya, in ce lafiya, ya ce to madalla ya kashe. In na kira Umma, kafin in kai ƙarshen gaisuwa ta ce ga ƙannenki. Wa zan gaya wa? Autan gidanmu zan gaya wa?"

Ta ce bara zazzaɓin taifot ya kwantar da ita a ɗakin kwana, Saratu ce ta ɗauke ta ta kai ta gidansu. Inna ta yi jinyarta har ta tashi, daga nan ta hana ta komawa.

"Na san ƙin kiran sunana al'ada ce, ban ce ba sa so na ba. Amma ranar da jikin ya yi tsanani, Inna ta dafa goshina tana cewa Habiba, Habiba, buɗe ido. Gwaggo, ban taɓa jin uwa ta kira ni haka ba. Na ji sauƙi amma na ƙi buɗe idon, don ta ƙara faɗa."

Tausayinta ya kama ni, har da jin haushin kaina da na ɗaga mata filo. Don in sami abin yi, na miƙa mata ƙunshin, na ce ga shi na haɗo mata. Ta kwance, ta shinshina yajin, ta yi dariya da hawaye a ido. Ta ce, "Dakan Umma ne. Ita kaɗai ke cika kimba haka."

Saratu ta iso da ruwa. Tunda na riga na saba, na juya kanta, na ce ita kuma me ta yi wa uwarta da ba ta iya kama sunanta. Yarinyar ta dube ni kamar na tambaye ta ko ana rana a Sakkwato.

"Ni ta ta hwari, Gwaggo. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. In tana bukatata sai ta ce, Habiba, hwaɗa ma waccan ta taho."

Ni da na fito daga gidan da ake wannan abin kullum, zargi ya rufe mini ido har ban gane shi ba a gidan wasu. Maƙwabciyata ta yi mini dariya har muka koma cikin gari, kuma na san har mu tsufa ba za ta bari ba.

Na ƙara kwana biyu. Na je makarantar ranar Litinin na ji ta bakin wata malamarsu, don ni ba a gama da ni da hawaye. Na sayi kilishi, an ce na Sakkwato daban ne, kuɗinsa ma daban ne. Saurayin nan mai gyaran madubi kuwa na ja shi gefe na gaya masa in yana da magana, gidanmu a Zariya yana da ƙofa, kuma sai an gama karatu. Ya rantse ba komai. Rantsuwar ta yi yawa, ina nan ina sa ido.

Na dawo Zariya ni da maƙwabciyata, ba Habiba, ba kayanta. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne yaro ba ya rasa inda zai kai maganarsa, in ƙofar gida a rufe take zai ƙwanƙwasa ta maƙwabta. Mu dai Allah ya rufa mana asiri, ƙofar da tamu ta ƙwanƙwasa ta mutanen kirki ce.

Na zayyana wa Yaya komai a tsakar gida, har da gemun. Da na zo kan maganar waya ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "To, ta zauna ta gama." Uwar kuwa tana ta sharar wuri ɗaya a bakin ƙofar ɗaki, wurin da ba ko tsinke. Na ɗaga murya na ce yarinya ta gane dakan yajin, kuma na gayyato ƙawarta hutu mai zuwa, ita ma 'yar fari ce, uwarta ba ta kiran sunanta.

Tsintsiyar ta tsaya. Ba ta juyo ba ta ce, "Ya sunanta?"

Na ce Saratu.

Ta maimaita a hankali, "Saratu." Ta sake faɗa, kamar mai ɗanɗana gishirin miya. Sannan ta goge ido da bakin mayafi ta ce, "Ki ba ni lambarta. Zan ce wa Saratu ta kula mini da ƙawarta."