Ƙararrawar da na kaɗa wa mamaci

Ina ta kaɗa ƙararrawar kekena, ina "Hanya! Hanya!" amma ba wanda ya waiwayo.

Tun da asuba na baro Talata Mafara, na ratsa gonakin shinkafar Bakura, na shiga jar ƙasa mai duwatsu. Burina in isa Maradun kafin la'asar. Sai ga maza sun cika 'yar hanyar wani ƙauye, suna tafiya a hankali. Haushi ya kama ni, har na ja tsaki.

Sai da na kutsa cikinsu na ga makara a kafaɗunsu.

Wani dattijo ya riƙe kan kekena, ko murya bai ɗaga ba.

"Ɗana, ina zuwa da sauri haka?"

Na ce, "Maradun, Baba. Tafiyata da nisa."

Ya ce, "Shi ma tahiya shikai, kuma tashi ta hi taka nisa. Sauka ka raka shi."

Na jingine keken, na bi su har maƙabarta, kaina a ƙasa. Ko sunan mamacin kunya ta hana ni tambaya.

Jama'a, ku taya ni yi masa addu'a. Na yi wa bawan Allah tsaki ranar da ba zai iya ramawa ba.