Malamin Da Ya Shimfiɗa Wa Siminti Tabarma

Kowace safiya, kafin a kaɗa ƙararrawar makaranta, Malam Kalilu kan jingine kekensa kusa da shingen kwastan na Jibiya, ya tsaya yana kallon motoci suna taka birki. Ba ya jiran kowa. Malamin kimiyya ne, kuma ni da na daɗe ina koyarwa a ajin da ke jikin nasa, ban taɓa ganin mai tambayar tsiya irinsa ba. Ko jaki ne ya turje, sai ka ji ya ce, "Mi ya sa?"

Shekarar da siminti ya cika ƙasar nan, Lawali, wani direba ɗan Maraɗi, ya sayo sabuwar mota mai bodin ƙarfe. 'Yan dako suka lura buhu ya fi saurin shiga in an shafa wa daɓen baƙin mai, abin ya zame musu jiki. Tsakanin lodi da kan mota kuwa akwai ɗan sarari inda mata 'yan kasuwa ke zama. Wata safiya motar ta tsaya a shingen da lodin siminti, wata 'yar kasuwa, Barira ta Gangara, na ciki, da goyonta.

Malam ya leƙa, ya dangwali daɓen da yatsa.

"Lawali, in ka taka birki mota ta tsaya, wa ya gaya ma siminti shi tsaya?"

"Nauyinai na riƙe shi, Malam."

"Zo mu gani."

Ya sa aka shafa wa katako mai, aka aza buhu, ya ɗaga gefe guda. Ko gwiwa bai kai ba buhun ya sulale. Aka aza biyu, suka sulale daidai wurin nan. Na ga bakin Lawali a buɗe, nawa ma haka. Malam ya zana kibiya biyu a ƙasa, ya ce wagga ita ce tafiyar da kaya ba su son bari, waccan kamun da ke tsakanin buhu da daɓe. In birki ya fi ƙarfin kamu, kaya gaba za su yi, komai nauyinsu. A busasshen katako da tabarmar kaba, sai da ya kai ƙugu kafin buhu ya motsa.

Aka sauke lodi, 'yan dako na ta ƙunƙuni, aka goge mai da rairayi, aka shimfiɗa tabarmi. Kafin su kai garin Ɗan Isa, raƙumi ya faɗo titi, Lawali ya danne birki. Barira da bakinta ta gaya mini ta ji buhu ya taɓa zanen goyonta, ya tsaya nan.

Malam, bana ka ajiye alli. Kai ne sarkin tambaya, kuma wallahi zan yi kewar "mi ya sa" ɗinka. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Malamai 'yan'uwana, mu riƙa fita daga aji muna leƙa bayan mota. Nana, goyon nan na Barira, jiya na gan ta a kasuwa tana bin akuya da gudu.