Raɓar da ke cikin gilashi

Wata Laraba ce a ƙarshen bazarar shekarar farin nan ta 1984, ina da shekara tara, na kai wa Baba fura a biron, wato ofishin, Turawan aikin gona da ke bakin garin Tasawa, inda yake gadi. Na iske shi da tsumma a hannu yana fama da wata taga. Ya goge ta waje, ya zagaya ya goge ta ciki, ya dawo ya yi tsaye yana kallo. Ɗige-ɗigen ruwa ne jere a jikin gilashin, wasu har suna gangarowa, amma da na ɗora yatsa sai na ji shi a bushe ƙayau. Har lasa na yi, ban ji komai ba sai ƙura.

A lokacin ruwa ya fi komai daraja. Tun asuba muke bin layi a rijiya, guga ya dawo da rabin laka, mu tace da ɗankwali kafin mu ruga lakwal, wato makarantar boko. Jar dawar da sojoji ke rabawa ita muke dakawa, ko gaɗa mun daina yi don ba ƙarfin tsalle. Abu ɗaya ya rage a gidanmu da ba a taɓawa: tukunyar irin hatsi ta kakana Malam Idi, wadda ya liƙe bakinta da laka da toka ya ɓoye a gindin rumbu. Yakan ce, "Wanda ya ci iri ya ci baɗi."

Ni na kai wa Kaka labarin tagar, na kuma ƙara gishiri. Washegari ya hau jaki ya bi ni. Mutum ne mai karanta alamu. Yana duba ganyen gawo, yana jiran shamuwa, yana lura da tururuwa, kuma a shekarar duk sun yi masa shiru. Ya daɗe gaban tagar nan, ya shafa, ya shinshina, ya ce, "Amarya, randa ba ta gumi sai da ruwa a kusa." Baba ya ce watakila na'urar sanyin ɗakin ce. Kaka ya ce to me ya hana sauran tagogin yin gumi? Baturen da ke riƙe da biron kuma ya tafi Maraɗi, balle a tambaye shi.

Da yamma ya fasa lakar tukunyar. Muka yi binne, wato shuka a busasshiyar ƙasa don ruwan farko ya iske iri a kwance. Yana sara da sungumi, ina jefawa ina rufewa da diddige, ƙasa na ƙona mini ƙafa. Sai da aka yi kwana ashirin aka samu yayyafi, hatsin ya tsiro, rana ta ƙone shi ƙurmus. Kaka bai taɓa yi mini faɗa ba, abin da ya fi duka ciwo ke nan.

Yau shagon tagogi da ƙofofi gare ni, na san sirrin. Gilashi biyu ne aka haɗa, da iska a tsakani, aka liƙe gefensu da danƙo. Ranarmu ta gasa danƙon ya tsage, iska mai laima ta shiga, sanyin ɗaki ya mai da ita raɓa. Tagar ce kawai ta lalace. Amma kuma laimar daga ina ta zo, in ba iskar damina ce ta fara kaɗawa ba? Har yau ban iya cewa Kaka ya yi kuskure ko ya yi sauri ba.

Yanzu kowa a waya yake duba zuwan ruwa, ba mai tambayar gawo. Ni dai in an kawo mini kaya, ba na kallon ƙyallin gilashi. Gefen nake bi da farce. Lakar Kaka ta riƙe iri shekara guda ba ta tsage ba, sai da bakina ya fasa ta.