Alƙasim da Guzan Baraji

Alƙasim taubashina ne. Uwata A'i ƙanwar ubansa ce, don haka tun muna yara nake da izinin in gaya masa duk abin da ya zo bakina, shi kuma ya rama in ya iya. Bai cika iyawa ba. Dogon mutum ne mai sanyin baki, irin wanda in akuyarka ta shiga gonarsa zai koro maka ita har gida, ya kuma ba ka haƙuri. Garkarsa ta albasa tana jikin tawa a bakin baraji, wato madatsar ruwanmu, a wani ƙauye cikin kwarin Buza. Ba zan kama sunan ƙauyen ba, dariyar da aka yi mana a kasuwa ta ishe mu.

Gidansu Alƙasim suna da kan gida, wato dabbar da zuri'a ba ta kashewa, ba ta kuma ci. Nasu guza ne. An ce kakan kakansu ya ɓata a daji, ƙishirwa ta kusa gamawa da shi, sai ya bi sawun wutsiyar guza har ta kai shi bakin ruwa. Hanin yana bin uba ne, shi ya sa ni bai kama ni ba. Abin dariyar kuwa, a ƙasarmu ta duwatsu babu guza ko na magani. Ƙadangare dai ga shi nan a kowane bango yana gyaɗa kai, damo ma ana cin karo da shi a gona da damina. Amma guza ɗan ruwa ne, mu kuwa kafin porje, wato masu aikin raya karkara, ta datse mana kwari, ruwanmu wucewa yake yi da gudu ya bar mu da yashi. Na sha gaya wa Alƙasim cewa a duk Adar babu hani mai arha kamar nasu.

Wata shekara ya tafi cin rani kudu. A hanyar dawowa, a wata kasuwa gaba da Madawa, ya tarar da maharbi ya ɗaure guza uku a gindin bishiya, ana cinikin fatarsu da namansu. Ranar ce ya fara ganin dabbar gidansu da idonsa, yana magidanci da 'ya'ya. Ya ce mini kasa wucewa ya yi. Ya kwance kayansa ya ba maharbin bargo da rediyon da ya sayo wa iyalinsa tsaraba, ya zuba guzan a buhu, ya hau saman kamiyo, babbar motar kaya, da su.

Da ya iso sai da ya tara mu a bakin baraji kafin ya kwance bakin buhun. Suka fito suna huci, suna fiddo harshe mai baki biyu, suka faɗa ruwa, ba ko waiwaye.

"Ga maganin gafiya da kusu na kawo muku," in ji shi. "Ku dai zuba ido, albasarku ta huta."

Na ce, "Kai dai ka kawo danginka ganin gida. Allah shi sa su san ranar komawa."

Aka yi dariya aka watse. Ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na ranar ba, har waƙa na ji yana yi wajen ban ruwa.

Ba su koma ba. Wurin ya karɓe su fiye da yadda ya karɓe mu. Ga kwaɗi, ga tarwaɗar da aka zuba a baraji, ga duwatsun datsiya masu ramuka inda suke shan hantsi su kuma ɓuya in rani ya tsananta. Babu maharbi, babu kada, babu abin da ke taɓa su. Da damina macen takan sami suri da ruwa ya jiƙa, ta fasa gefensa ta zuba ƙwai masu yawan gaske ta yi tafiyarta. Gara ce ke liƙe mata ramin, ta riƙe mata ƙwan cikin ɗumi har wata daminar ta zagayo, sai ka ga 'ya'ya baƙaƙe masu ɗigon rawaya suna ɓullowa suna gangarawa ruwa. Gafiya kuwa tana nan lafiyarta ƙalau. Guza ba wawa ba ne da zai bi abu mai gudu da cizo, alhali ga abinci a kwance a gindin ciyawa.

Abincin nan ƙwan zabi ne. Garinmu da shi aka san mu a kasuwar Buza, matanmu da shi suke rufa wa kansu asiri tun daga farkon damina har kaka. Zabuwa kuma ba kaza ba ce, ba ta yarda da akurki. A daji take zuwa ta yi ƙwanta, cikin ciyawa, sau da yawa can wajen sanyin ruwa.

Wadda abin ya fi ci ita ce Saude. Mijinta ya rasu da daɗewa, gidanta ne na ƙarshe ta ɓangaren baraji, zabinta kuwa su ne gonarta, su ne rumbunta. Tana da ɗa ɗaya, Shamsuddin, mai gyaran babur a Madawa, kullum yana aiko mata ta tattara ta koma wurinsa. Ita kuwa ta ce muddin zabinta na yin ƙwai ba za ta bar ɗakin da aka kawo ta tana amarya ta je ta zauna tana kallon hannun suruka ba. Sai ga shi tana bin zabuwa zuwa wurin ƙwai ta tarar da rami wayam da sawun wutsiya a kan laka. 'Yan tsakin da kaza ta ƙyanƙyashe mata ma bi su ake ɗaya bayan ɗaya. Garken ya tsufa, babu masu tasowa.

Nan ne muka yi tamu wautar, mu duka garin. A wurinmu ba a kashe kan gidan maƙwabci, ko ba a gabansa ba, don tamkar ka ɗaga wa kakansa hannu ne. In yara suka ɗauki dutse sai babba ya daka musu tsawa ya ce na Alƙasim ne. Kuma ba wanda zai dubi idon mutum mai kirki kamarsa ya ce masa baƙinka sun cinye mu. In yana wurin sai a ɗora wa shaho laifin, ko muzurun daji. Shi kuwa ya gaskata. Har tarko ya haɗa da hannunsa ya kai bayan dangar Saude don ya kama mata muzurun, kullum da safe ya je ya duba, ya tsaya ya gaishe ta.

"Ina zabi, Inna Saude?"

"Lahiya lau, ɗana. Sai godiya."

Abin yana ba ni haushi har yau in na tuna. Damina bayan damina muna kara, guza na ƙiba.

Daga ƙarshe mata suka taru suka zo wurin uwata, uwata ta kira ni. Ta ce duk garin nan bakina ne kaɗai ba shi da linzami a kan Alƙasim, in je in yi aikin taubashi. Saude ba ta cikinsu, ba ta ma san sun zo ba.

Na same shi da hantsi yana noman gero. Na so in fara da wasa, wasan ya ƙi fitowa. Na ce ya aje hauya ya biyo ni. Muka zagaya bayan gidan Saude muka laɓe a gindin wata sabara, inda na riga na san zabuwa na zuwa. Ba mu daɗe ba sai ga wani ƙato ya taso daga ruwa, ya kai tsawon mutum, yana jan ciki yana lasar iska da harshe. Ya wuce tarkon muzuru ta gefe, ya cusa kai cikin ciyawa, ya ɗauko ƙwai ya ɗaga wuya sama ya haɗiye. Ya koma ya ɗauko wani. Bai bar ko ɗaya ba.

Alƙasim ya zauna daɓas a ƙasa.

"Tun yaushe?"

"An daɗe."

"Wa da wa sunka sani?"

"Kowa. Har ɗiyan da ba su yi kaciya ba."

"Inna Saude ma?"

"Ita ta fara sani."

Ya cire hularsa ya rufe fuska da ita. Ni da na zo da shirin in yi masa tas, sai na rasa inda zan sa idona. Kunyarsa ta kama ni kamar ni na kawo buhun.

Daga ranar ya daina zama majalisa. Masallaci sai an tayar da salla yake shiga sahun baya, ana sallama ya sulale. Ya daina bin hanyar gidan Saude, yana zagaye ta cikin ƙaya. Liman Abdulmumin ya kira shi gefe ya gaya masa a hankali cewa addini bai san kan gida ba, kuma kashe abin da ke cutar da mutane ba laifi ba ne. Alƙasim ya ce ya sani, ya kuma ji kunyar a ce sai an tuna masa.

Washegari ya ɗauki gora ya nufi datsiya, na bi shi. Ya sami wani yana shan hantsi a kan dutse, sanyin safiya bai sake shi ba, ko motsin kirki ba ya yi. Ya ɗaga gorar da hannu biyu.  Guzan ya kumbura wuya ya yi huci, shi kuwa yana tsaye har dabbar ta ji ɗumi ta silale ruwa.

"Huskar babana nika gani," ya ce. "Ni ban iya ma Allah ba, ban iya ma tsoho ba. Wane irin mutum na ni?"



Ranar Juma'a ya miƙe a ƙofar masallaci, kansa a ƙasa, ya ce shi ya jawo wa gari wannan abu, ya kuma ɗauke wa kowa nauyi, duk wanda ya ga guza ya kashe. Samari suka kashe wasu, amma abin ya riga ya wuce gora. Suna cikin ramukan datsiya, suna cikin rijiyoyin garka, suna hawa bishiya, in an matsa musu su nutse. Sai muka koma kan suri. Alƙasim ya fi kowa gane wanda gara ta yi wa sabon liƙi a gefe. Yakan nuna mini da baki ya juya baya, ni in sa diga in tono ƙwan in fasa. Duk ƙarar da ya ji sai kafaɗarsa ta motsa. Sauran yinin kuma yana zaune a rana can nesa da dangar Saude da sanda a hannu yana kora, geronsa ciyawa ta cinye. Matarsa ta yi faɗa har ta gaji.

Amma zabuwa ba ta yin ƙwai inda aka ce ta yi, mutum ɗaya kuma ba ya tsare daji. Da kaka ta zo, abin da Saude ta samu bai kai ta ko'ina ba. Ta sayar da tsofaffin zabin ta ci, har aka wayi gari saura biyu, zabo da zabuwa. Alƙasim ya aika mata damin gero ta hannun uwata, ta karɓa ta yi godiya, washegari ta aika wa Shamsuddin ya zo.

Ranar tafiyar ina zauren Alƙasim, don ya ƙi fita, ya ce ba ya iya ganin ana ɗora kayanta. Sai muka ji sallama. Ita ce, ta ci ado da zanen fita, ta rungumo zabin nan biyu ɗaure da tsumma a ƙafa. Alƙasim ya zabura ya durƙusa.

"Na zo mu yi bankwana," ta ce. "In na yi maka wani laihi zaman da munka yi, ka yahe mani."

"Inna Saude, ke ka neman gahwarata? Don Allah ki zage ni. Ki ce mani wani abu ko guda."

"Allah shi kiyashe ni. Kai mi ka yi? Tausai ka ji, tausai kuwa ba laihi na ba." Ta sunkuya ta aje zabin a gabansa. "Waɗanga ba su iya zaman birni. Na duba garin ga duka, ban ga wanda ka tsaron su awa kai ba. Ka riƙe su."

Mota ta yi oda a waje. Ta gyara mayafinta ta fita tana ce mini in gaida A'i. Alƙasim bai raka ta ba, bai ma ɗaga kai ba. Yana nan durƙushe, zabuwar tana ta fizge-fizge a gabansa, har na ga ba zai taɓa su ba, na sunkuya na kwance musu ƙafa.