Ɗinkin Bahago

Mukhtaru baduku ne. A bakin wani lungu na unguwar Misfala a Makka yake zama da basillarsa, yana gyaran takalman alhazai. Bai yi karatu mai zurfi ba, amma Allah ya haɗa shi da maƙwabci, Malam Dauda, mai zuwa Harami ɗaukar darasin manɗiƙi, wato ilmin ciro hukunci daga dalili. Malam kuwa karatu ba ya zama a cikinsa. Duk abin da ya jiyo sai ya zo ya juye wa Mukhtaru, ko yana so ko ba ya so.

Abu ɗaya ke cin ran Mukhtaru, shi ne ƙanensa Wada. Tare suka baro Katsina a ƙasa. A Sawakin, bakin Bahar Maliya, zazzaɓi ya kayar da Wada, jirgin ruwa ya tashi da Mukhtaru shi kaɗai. Tun kafin yaƙin Turawa ke nan, har aka yi yaƙin aka gama babu labari, kewar kuma kullum sabuwa take.

Malam ya taɓa ce masa duk waɗanda aka san sun kwanta a Sawakin a shekarar sun rasu, don haka Wada ma da wuya. Sai ya ga idon baduku ya kawo ruwa, ya yi sauri ya ƙara da cewa irin wannan hukunci ba ya kai wa ga yaƙini, tunda ba kowa aka ƙirga ba. Wannan ƙarin kaɗai Mukhtaru ya riƙe daga darasin.

Wata hantsi bayan saukowa daga Arfa, wani alhaji ya kawo takalmi da ya tsinke. Mukhtaru ya juya shi, ya duba ɗinkin. Ɗinkin gidansu ne, mai ƙulli a ɓoye ƙarƙashin maɗauri, kuma ya karkata irin na bahago. Wada bahago ne.

"Malam, zo ka gani! Fatar nan ba ta shekara biyu ba. Ashe Wada yana nan!"

"Sannu a hankali, Mukhtaru," in ji Malam. "Daga aiki ka hango mai aiki. Zato ne mai ƙarfi, amma bahago kan koya wa bahago. Ga mai takalmi a zaune, tambaye shi wa ya ɗinka, shi ke nan."

Alhajin ya ce, "A Madani ta ƙasar Sudan na saya, wurin wani..."

"Alhaji, don girman Ɗakin nan, tsaya haka."

Mukhtaru ya ɗauko sabon takalmi ya ba shi, ya roƙe shi ya bar masa tsohon takalmin, suka yi sallama. Malam ya bi alhajin da kallo har ya ɓace cikin jama'a.

"Kalma ɗaya fa ta rage, bawan Allah!"

"Na sani," in ji Mukhtaru, yana shafa ɗinkin da babban yatsa. "Yau ina da ƙane, Malam. Ba zan iya rasa shi sau biyu ba."